Ina aka ɗauki wannan hoton?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Gusau nake rubuto maka. A majalisarmu ta bayan La'asar mun tsiri wani wasa: duk wanda ya samu hoton tafiya, nasa ko na wani, sai ya miƙa waya ta zagaya, kowa ya canki ƙasar da aka ɗauke shi. Kwanan baya wani ya kawo hoton yayansa ɗan kasuwa yana tsaye a bakin titi, a bayansa ga wani katafaren masallaci mai ƙubbobi da siraran hasumiyoyi huɗu. Dukanmu muka ce Turkiyya. Ya kwashe da dariya ya ce mun faɗi, ya kuma ƙi gaya mana amsar. Ga hoton na turo maka. Ina ne nan? Kuma shin akwai wata ƙa'ida da ake bi, ko sai wanda ya yi yawon duniya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka koma majalisa ka ce masa Accra ce, babban birnin Ghana. Masallacin shi ne babban masallacin ƙasa da ke unguwar Kanda, wanda Turkawa suka ɗauki nauyin gina shi a kan salon masallatan daular Usmaniyya ta Turkiyya, aka buɗe shi a 2021. Ta fuskar gini dai idonku bai yi ƙarya ba, kun gane hannun maginin. Inda kuka zame shi ne kun tsaya a kan masallacin kun bar titin.

Buɗe hoton ka ja shi da yatsa zuwa kusurwar hagu ta ƙasa. Akwai tasi da rabinta ya shigo. Jikinta ruwan toka ne, amma kafaɗunta, wato saman tayoyi, an shafe su da fenti ruwan ɗorawa, lambarta ma ruwan ɗorawa ce da baƙin rubutu. Haka tasin Ghana take. Ta Istanbul gaba ɗayanta ruwan ɗorawa ce, lambar motar Turkiyya kuwa fara ce mai shuɗin layi a gefen hagu da haruffan TR. A bayan tasin ga laimar MTN ta masu tura kuɗi ta waya, MTN kuwa ba ya aiki a Turkiyya. Sannan ga reshen dogon yaro ya leƙo ta saman katanga, itacen da sanyin Istanbul ba zai bari ya yi wannan girman ba. Shaidu uku ke nan a wurin da bai kai faɗin farce ba a fuskar waya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da mai ɗaukar hoton ya sa da gangan.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. Ba sai ka yi yawon duniya ba. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a Birnin Kebbi, kuma cikin ɗalibaina waɗanda suka fi iya wannan aiki akwai waɗanda ba su taɓa wuce Kwantagora ba. Abin da suka fi sauran da shi, sun san inda ake kallo. Mai ɗaukar hoto shi ke zaɓar abin da zai sa a tsakiya, don haka tsakiyar hoto ita ce ta fi yaudara. Gefe-gefe kuwa, abin da ya faɗo ne kawai: guntun allo, gindin falwaya, lambar mota, inuwa. Dillalin shanu a kara ba ƙaho yake fara kallo ba, baki yake buɗewa ya ga haƙori, domin shi ne mai sa bai iya gyarawa. Gini sananne ana kwaikwayonsa. Masallaci irin na Turkawa akwai shi a Midrand ta Afirka ta Kudu, akwai a Tokyo. Hasumiyar Eiffel ta Paris tana da 'yan'uwa a Las Vegas ta Amurka da kusa da Hangzhou ta Sin. Cocin Yamoussoukro ta Kwaddibuwa, in ka hango ta daga nesa, sai ka rantse Rum ce. Amma ba wanda zai sauya hannun tuƙin ƙasa ko launin lambar mota don ya ruɗe ka.

Abu na biyu da nake so ka riƙe: kada ka fara da cewa "ina ne nan". Fara da "ina ne ba nan ba". Kowace shaida tana zubar da wasu ƙasashe, abin da ya saura shi ne amsarka.

Shaidar da ta fi zubar da ƙasashe da yawa a tashi ɗaya ita ce hannun tuƙi. Mu a Najeriya a da hagu muke bi, gadon Ingila, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma dama, Ghana ta bi sahu a 1974. Yau duk Afirka ta Yamma dama ake bi, haka Saudiyya, Dubai, Masar, Turkiyya, Sin, Amurka da kusan duk Turai. Masu bin hagu su ne Ingila da Ayalan, Indiya, Pakistan, Bangaladash, Maleshiya, Indonesiya, Tailan, Japan, Ostareliya, sai layin gabashi da kudancin Afirka tun daga Kenya, Yuganda, Tanzaniya har Afirka ta Kudu. Hong Kong da Macau ma hagu suke bi alhali sauran Sin dama. To amma a kula da abu biyu. Titi mai hannu ɗaya ba ya ba da shaida, gara ka nemi motocin da aka ajiye ko ɓangaren da sitiyari yake. Kuma kyamarar gaba ta waya takan juya hoto, hagu ya koma dama. Kafin ka yanke hukunci nemi wani rubutu a hoton ka ga ko a miƙe yake ko a juye.

Daga nan sai lambar mota, ko da ba ta karantuwa, launinta ya isa. Tamu ka san ta: fara, sunan jiha a sama da kirarinta, shuɗin rubutu ga motar gida, ja ga ta haya, kore ga ta gwamnati, da haruffa uku na ƙaramar hukuma kamar GUS. Ta Ingila fara ce a gaba, ruwan ɗorawa a baya. Ta Holan ruwan ɗorawa gaba da baya. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da shuɗin layi a hagu da harafin ƙasa, D na Jamus, F na Faransa, E na Sifen. Ta Saudiyya an raba ta gida-gida, Larabci a sama, boko a ƙasa, KSA a gefe. Ta Masar tana da layi a sama mai sunan ƙasar, shuɗi ga motar gida, ruwan lemo ga tasi, ja ga motar kaya. Ta Sin shuɗiya ce da farin rubutu, motar lantarki kuma koriya. Ta Maleshiya baƙa. Motocin haya ma kowane gari da rigarsa. A Maroko launin ƙaramar tasi kaɗai yana gaya maka gari: ja a Kasabalanka, shuɗi a Rabat, ruwan ƙasa a Marrakesh. Keke mai ƙafa uku kore da ruwan ɗorawa na Delhi ne, baƙi da ruwan ɗorawa na Mumbai. Koriyar bas cike da fasinja a bakin babban kogi, ka fara tunanin Bamako.

Sai dai rubutun jikin mota ba abin dogaro ba ne, kuma mu ya kamata mu fi kowa sanin haka. Je kasuwar Jega ranar Juma'a ka ƙirga manyan motocin da ke ɗauke da sunan kamfanin Jamus ko na Holan har da lambar wayarsa, duk 'yan Kwatano ne. Haka rigar gwanjo da rigar ƙwallo. Abin da ke tafiya ba ya shaidar wuri. Nemi abin da aka kafa a ƙasa.

Allon hanya da fentin kwalta an kafa su. Layi ruwan ɗorawa a tsakiyar titi alamar nahiyar Amurka ce, tun daga Kanada har Barazil. Fari a tsakiya da ruwan ɗorawa a gefe biyu ana ganinsa a Afirka ta Kudu da maƙwabtanta, da kuma ƙasashen Larabawa na yankin Saudiyya. Allon gargaɗi mai kusurwa uku da jan baki na Turai ne da Afirka, mai kusurwa huɗu ruwan ɗorawa da aka tsayar a kan tsini na Amurka ne da Ostareliya da Japan da Maleshiya. Jan allon tsayawa ma yana magana: DUR a Turkiyya, PARE a Barazil, ALTO a Meziko, BERHENTI a Maleshiya. Abin dariya, Faransa kanta STOP take rubutawa, in ka ga ARRÊT to Kyubek ce ta Kanada.

Yanzu rubutu, kuma a nan wanda ya yi makarantar allo ya riga ɗan Turai nisa. Bature yana ganin baƙaƙen Larabci zai ce "ƙasar Larabawa" ya tsaya. Kai kuwa za ka iya karantawa ka ji ko Larabci ne. In ka ga ba mai ɗigo uku a ƙasa, ko jim mai ɗigo uku, ko kaf mai ƙarin sanda a ka, ka bar ƙasar Larabawa, kana Iran ko Afganistan ko Pakistan. In rubutun yana gangarowa a karkace, kalma kamar tana zamowa daga tudu, kuma akwai ƙaramin ɗa a saman wasu haruffa, Urdu ne, sai ka nufi Pakistan ko unguwannin Musulmin Indiya. In Larabci ne tsantsa, duba abokin zamansa a allon. Larabci da Faransanci: Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Muritaniya, Chadi, Jibuti ko Labanan. Larabci da Ingilishi: Saudiyya, Dubai, Katar, Masar, Sudan. In akwai na uku mai da'irori da ɗigo-ɗigo da gicciye, irin rubutun da Buzaye suke yi, to Tifinag ne, ka tsaya tsakanin Maroko da Aljeriya. Lambobi ma suna raba gardama. Yammacin ƙasashen Larabawa irin lambobinmu na boko suke rubutawa, Masar da Saudiyya kuwa irin waɗanda kake gani a shafin Alƙur'ani. Wani lokaci a tsohon allo a Maroko za ka ci karo da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda malam ya rubuta maka a allo kana yaro.

Sauran rubuce-rubucen ba sai ka iya karanta su ba, siffa kawai za ka riƙe. Na Koriya yana da ƙananan da'irori da miƙaƙƙun sanduna. Na Sin cunkusasshe ne, kowane harafi kamar an zana shi a cikin akwati. Na Japan ya gauraya irin na Sin da wasu saukakan haruffa masu lanƙwasa. Na Hindi a rataye yake a jikin layi. Na Habasha ba ya kama da na kowa in ban da Eritiriya. A boko kuwa ƙananan alamomi ake bi: wutsiya a ƙarƙashin s da i marar ɗigo na Turkanci ne, igiya a saman n ta Sifaniyanci ce, igiya a saman a ta Fotugis ce. In allon shago yana da lambar waya ka huta: 227 Nijar, 229 Benin, 233 Ghana, 235 Chadi, 237 Kamaru, 966 Saudiyya, 971 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, 20 Masar, 90 Turkiyya, 91 Indiya, 86 Sin.

Fatar mutane da fuskokinsu su ne shaida mafi rauni, ko da yake su ido yake fara kamawa. Mafi yawan mazauna Dubai 'yan wasu ƙasashe ne. Akwai titunan Guangzhou da za ka ɗauka Legas ce. Bahaushe da babbar riga kuwa yana Kumasi, yana Sudan, yana Makka.

Bari in ɗan daɗe a kan rana, domin ita ce shaidar da ba a shigo da ita a kwantena, kuma ita mutane suka fi mantawa. Malamanmu na fiƙihu tun da can suna auna inuwar zawali don fitar da lokacin Azahar da La'asar, kuma sun san tana tsawo tana gajarta bisa watanni. Ilimin nan shi ne dai ake amfani da shi. Gusau da Birnin Kebbi suna sama kaɗan da digiri 12 arewa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai bisa kanmu da tsakar rana, wajen ƙarshen Afrilu da wajen 20 ga Agusta, mutum ya taka inuwarsa. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar zawali kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa. Wannan tsayuwar rana a ka ba ta faruwa sai a tsakanin digiri 23 da rabi arewa da 23 da rabi kudu. Makka tana ciki, shi ya sa rana take daidaita bisa Ka'aba wajen 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli. Madina kuwa ta ɗan fita, ba ta taɓa samun haka cif. Saboda haka hoton da ka ga falwaya a tsaye cikin rana babu inuwa ko kaɗan a gindinta, cire Turai da Turkiyya da Kanada gaba ɗaya.

Ɗaya gefen ma haka. A Gusau ko a tsakiyar hunturu, inuwar mutum da zawali ba ta kai tsawonsa ba, ba ta wuce kashi uku cikin huɗu. A Landan wajen ƙarshen Disamba rana ba ta wuce kimanin digiri 15 ko da tsakar rana, inuwar mutum takan kusa ninka tsawonsa huɗu. In ka ga hoto mai agogon titi yana nuna sha biyu, mutane suna jan dogayen inuwoyi kamar an kusa Magariba, wurin yana nesa da ikwaita. Allon sola yana bin wannan ƙa'idar: a Jamus a tsaye-tsaye yake yana fuskantar kudu, a nan kusan a kwance, a Afirka ta Kudu da Ostareliya arewa yake kallo. Farantin dish ma ikwaita yake nema, domin taurarin da ke watso tashoshi suna can bisa layin, kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa. Kuma ka tuna Disambar Johannesburg lokacin zafi ce.

Matsalar ita ce hoto ba ya gaya maka ina ne gabas. A nan masallaci yake dawowa da amfani, ba ta ƙubbarsa ba, ta alƙiblarsa. Mu muna fuskantar gabas da ɗan karkata arewa, kusan digiri 70 daga arewa, har muka saba cewa "ya fuskanci gabas". Mutumin Istanbul kudu yake fuskanta da ɗan karkata gabas, na Indiya yamma, na Maleshiya da Indonesiya yamma da ɗan karkata arewa, na Landan kudu maso gabas, na New York arewa maso gabas. In ka ga sahun sallar Idi da hantsi rana tana dukan fuskokin mutane, suna yamma da Makka kamar mu. In tana dukan ƙeyarsu, inuwa ta miƙe a gabansu, suna gabas da ita. Da wannan kaɗai ka raba duniya biyu.

Salon ginin masallaci yana taimakawa in ka ɗauke shi a matsayin zato, ba hukunci ba. Hasumiya guda mai kusurwa huɗu ta Maroko ce da maƙwabtanta. Ƙubba mai shuɗin tangaran ta Iran ce da Uzbekistan. Jan dutse da fararen ƙubbobi masu siffar albasa na Delhi ne da Lahor. Ginin laka da itatuwa suka fito daga jikinsa namu ne na Sahel, kamar na Jenne a Mali da doguwar hasumiyar Agadas.

Itatuwa da dabbobi kuwa, ɗan Zamfara ba sai an koya masa ba, sai dai a ja masa kunne. Kuka ba ta Afirka ta Yamma ce kaɗai ba, tana Tanzaniya, tana Madagaska inda take da tsawo siririya, har a arewacin Ostareliya akwai irinta. Jar ƙasa mai marmara tana Barazil da Indiya da Kambodiya. Farin sa mai tozo da ka ce bunaji ne, yana iya zama a gonar Barazil, inda suka cika da shanun asalin Indiya. Raƙumi mai tozo biyu dai na Mongoliya ne da tsakiyar Asiya, giwa mai ƙananan kunnuwa ta Asiya ce. Wanda na fi so shi ne gawo, domin shi lokaci yake faɗa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Gawo tsirara a kan koren gero, damina ce. Gawo mai ganye a kan busasshen kara da hazo a sama, hunturu ne, duk abin da mai turo hoton zai ce.

In kana son ka gwada ƙwarewarka ta gaske, bar Turai, ɗauki hoton Kamba da na Gaya. Kamba tana ƙaramar hukumar Dandi a Kebbi, Gaya tana jihar Dosso a Nijar, tafiyar ɗan lokaci ce a tsakaninsu. Mutane ɗaya, rumbu ɗaya, giginya ɗaya, hula ɗaya. Ƙasa da al'ada ba za su raba maka su ba, sai abin da gwamnati da kamfani suka kafa. A ɓangaren Nijar dutsen nisan hanya fari ne mai jan kai. Farashi a allon shago yana ƙarewa da F, wato kuɗin sefa. Lambar waya guda 8 ce, a rubuce biyu-biyu irin na Faransawa, tamu kuwa 11 ce tana farawa da sifili. Airtel yana ɓangarorin biyu, bai raba komai ba. Glo namu ne. Moov na Nijar ne da Benin. MTN yana Najeriya da Benin amma ba ya Nijar, don haka MTN tare da rubutun Faransanci yana nufin ka tsallaka gada daga Gaya ka shiga Malanville ta Benin. In a cikin ɗaki aka ɗauki hoton, nemi soket a bango: mai ramuka uku masu kusurwa namu ne, irin na Ingila, kuma shi za ka tarar a Dubai da Maleshiya, mai ramuka biyu zagayayyu na ƙasashen Faransa ne. Hotunan ɗakin otal da yawa soket ne yake tona musu asiri.

Ko a cikin gida duwatsu suna raba wuri. Ƙaton dutse sulɓaɓɓe mai zagayayyen kai irin na Kwatarkwashi da Tsafe na tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa ne, za ka same shi a gabashin Zamfara da wajen Zuru. Tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da marmara a sama, suna kallon faffaɗar fadama, na yankin Birnin Kebbi da Gwandu da Argungu ne. Layin da kan duwatsu ke zanawa a sararin sama shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi, domin babu wurare biyu da suke da iri ɗaya. A 2018 wani bidiyo ya yaɗu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu, gwamnatin Kamaru ta ce ba a ƙasarta ba ne. Masu bincike na BBC suka ɗauki layin duwatsun da ke bayan mutanen suka daidaita shi da manhajar taswira ta Google Earth, ya faɗa kusa da Zelevet a arewa mai nisa ta Kamaru. Suka auna inuwar sojojin suka ce abin ya faru tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilu 2015. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Wasan majalisarku ke nan, sai dai an yi shi da haƙuri.

Na kawo wannan ne domin a yankinmu abin ya wuce nishaɗi. Duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye, kafin gari ya waye hotuna sun cika WhatsApp da Facebook, wasu na gaskiya, wasu tsofaffi, wasu daga wata ƙasa ma. Wanda ya saba duba gefen hoto zai ga kakin sojan ba namu ba ne, ko ciyawa kore ce alhali muna cikin bazara, ko ayaba ce a bayan gidajen da aka ce na Zurmi ne.

Akwai kayan aiki, kuma ba haramun ba ne a yi amfani da su in ba a cikin wasa ba. Google Lens da TinEye suna nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ka ga ko ya girmi labarin da aka jingina masa. In hoton bai fito ba, yanke mutumin ka bar ginin ko allon kaɗai ka sake nema, sau da yawa a nan ake dacewa. Google Earth yana nuna wuri daga sama har da tsofaffin hotunansa, ka ga shekarar da aka yi wani gini. Don horar da ido kuma akwai GeoGuessr, wasan da wani ɗan Suwidin ya ƙirƙira a 2013, yana jefa ka a wani titi cikin hotunan Street View, waɗanda motar Google take ɗauka, ka canki inda kake. Yana cin data, kuma ƙasashen Afirka da yawa motar Google ba ta shiga ba, don haka ya fi koya maka Turai da Amurka da Asiya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu ma suna kintace, wani lokaci su ba ka mamaki. Aibinsu, muryar da suke faɗin daidai da ita suke faɗin kuskure. Ka ba su hoton ƙauyen Sahel, suna iya ce maka Mali ko Senegal ba tare da wata hujja ba. Duk amsar da suka ba ka, tambayi dalili, ka koma hoton ka ga ko dalilin yana ciki.

Shawarata ga majalisarku ita ce ku sa wannan sharaɗin a wasan: canka ba hujja ba ta cin maki. Wanda ya ce "gabashin Afirka ne, domin hagu ake bi kuma ga shagon M-Pesa na tura kuɗi ta waya, amma ban raba Kenya da Tanzaniya ba" ya fi wanda ya ce Nairobi da ka ya dace. Wasu hotunan iyakarsu yanki, bakin teku da yashi da itacen kwakwa ba abin da za ka ƙara a kai, kuma gwani yana tsayawa inda shaida ta tsaya.

Saura abu ɗaya da ya shafi naku hotunan. Waya takan rubuta rana da lokaci a cikin hoto, in an kunna mata alamar wuri har da daidai inda aka tsaya. Facebook da WhatsApp suna goge wannan bayanin in an tura hoto yadda aka saba, amma in aka tura shi a matsayin fayil yana tafiya da shi. A halin da ake ciki na masu garkuwa da 'yan rahotonsu, shiga saitin kyamara ka kashe alamar wurin. Hoton tafiya ka bari sai ka bar garin kafin ka ɗora. Na ƙofar gida ko gona kuwa, yi masa irin kallon da muka yi wa na Accra kafin ya fita daga hannunka: lambar mota, bajen makaranta a rigar yaro, tankin ruwan unguwa, ƙarfen sabis da ke bayan katanga, allon shagon maƙwabci. Abin da ka ga zai kai baƙo ƙofarka, yanke shi.